Waiwaye: Shekarun Obasa a Majalisar Dokokin Legas

Tun 2003 kujerar mazaɓar Agege ta Ɗaya a majalisar dokokin jihar Legas take hannun mutum guda, Mudashiru Obasa. Sau shida a jere yana cin zaɓe. Agege kuwa ba baƙon wuri ba ne ga Bahaushe, don fataken goro da na shanu sun daɗe da kafa zango a can, da Sarkin Hausawansu, ga kuma mayankar Oko-Oba da dubban 'yan Arewa ke neman abinci a cikinta.

Daga kansila ya faro a 1999, a jam'iyyar AD. Jam'iyya ta yi ta sauya riga, daga AD zuwa AC, zuwa ACN, har aka haɗu aka kafa APC a 2013, amma shi bai taɓa barin gidan siyasar Bola Tinubu ba. A ganina nan ne sirrin daɗewarsa. A Legas, wanda manyan jam'iyya suka ɗaga wa hannu ya riga ya ci rabin zaɓe.

A watan Yunin 2015 ya zama kakakin majalisa bayan Adeyemi Ikuforiji, aka sake zaɓensa a 2019 da 2023. A zamaninsa aka yi dokar kafa rundunar tsaron unguwanni a 2016, da dokar hana kiwon sake a 2021, wadda ta taɓa makiyaya da dillalan shanu kai tsaye.

Abin da ya fi fito da shi fili shi ne yadda yake ja da gwamnoni. A farkon 2019 majalisarsa ta yi wa Akinwunmi Ambode barazanar tsigewa kan kasafin kuɗi, a lokacin da jam'iyya ta riga ta hana shi tikitin tazarce. A watan Agustan 2023 ta ƙi amincewa da mutum 17 cikin 39 da Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya aika don naɗawa kwamishinoni. Majalisar jiha ta ce wa gwamna a'a abu ne mai wuyar gani a Nijeriya, kuma ya kamata a yaba. Sai dai mutane da yawa sun fassara abin da cewa kakakin na hangen kujerar gwamna ne a 2027, musamman bayan jawabinsa na ranar gabatar da kasafi a Nuwamban 2024, inda ya nuna cewa shi ma bai gaza cancanta ba.

Ranar 13 ga Janairun 2025, yana Amurka, sama da mambobi 30 cikin 40 suka tsige shi bisa zargin almubazzaranci da kuɗin majalisa da wuce gona da iri. Suka ɗora mataimakiyarsa, Mojisola Meranda ta mazaɓar Apapa, mace ta farko da ta riƙe wannan muƙami a Legas. Sashe na 92 na kundin tsarin mulki kashi biyu cikin uku yake buƙata, kuma sun cika adadin. Obasa ya dawo ya musanta zarge-zargen, ya ce ba a bi ƙa'ida ba, ya garzaya kotu.

Abin da ya biyo baya ba ya da daɗin gani. Ranar 17 ga Fabrairu jami'an DSS suka tare ƙofar zauren, aka yi ta ture-ture kafin mambobi su kutsa ciki su jaddada goyon bayansu ga Meranda, tana zaune a kujerar shugabanci tana share hawaye. Kwana goma bayan haka Obasa ya shigo harabar da rakiyar jami'an tsaro, ya jagoranci zama da 'yan tsirarun mambobi, sauran kujerun duk wayam. Sai dattawan jam'iyya, Bisi Akande da Olusegun Osoba, suka shiga tsakani. Ranar 3 ga Maris Meranda ta ajiye muƙamin bayan kwana 49, mutanen da suka tsige Obasa su ne suka sake zaɓensa da bakinsu.

Wannan ne ya fi damuna a tarihin nasa. Ƙwarewar shekara ashirin da ɗoriya a majalisa dukiya ce, ba mai musun haka, kuma yawancin majalisun jihohinmu suna fama ne da sababbin fuskoki da sai sun koyi aiki wa'adi ya ƙare. Amma wakilan jama'a fiye da talatin sun yanke shawara, aka warware ta a wajen zaure, a ɗakunan taron jam'iyya.

A watan Afrilun 2025 babbar kotun jihar Legas, ƙarƙashin Mai Shari'a Yetunde Pinheiro, ta soke tsigewar gaba ɗaya, ta ce zaman 13 ga Janairu ya saɓa wa dokokin majalisar. Hukuncin ya tsaya ne kan yadda aka kira zaman, bai shiga batun kuɗaɗen da aka zarge shi a kai ba.