In ɗaliban jami'a sun zo ɗibar ruwan rijiyarku, dan Allah kar ku kore su

Jama'a assalamu alaikum. Ni ma'aikacin duba-gari ne, aikina kenan leƙa rijiyoyi da masai a unguwanni, kuma yanzu da bazara ta kama kowa ya ga yadda rijiyoyi suka ja baya a nan Zariya, daga Tudun Wada har Sabon Gari da cikin birni, jarka a wajen 'yan ga-ruwa kullum sai ƙara kuɗi take. A irin wannan lokacin ne mutum ke shan duk ruwan da ya samu, a nan kuma taifot da amai da gudawa ke shigo mana.

Abin da ya sa na ɗauki waya nake rubutun nan, sau da yawa ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru kan shigo unguwa da 'yan kwalabe suna roƙon a bar su su ɗebi ruwan rijiya, sai maigida ya hana, wai za a kai rahoto a rufe masa rijiya ko a sa masa haraji. Baba, wallahi ba haka bane. Ɗakin gwaji suke kaiwa, su duba ko ƙwayoyin cutar da ke cikin bayan gida sun shiga ruwan. Ruwa zai iya zama garai-garai, ba wari ba launi, amma masai na tsiyaya cikinsa ta ƙarƙashin ƙasa. Shi ya sa ake so tsakanin rijiya da masai ya kai kamar mita 30, to mu faɗi gaskiya, gida nawa ne a cikin birni ke da wannan filin?

Mu Zazzagawa Allah ya yi mana gata. Jami'ar Ahmadu Bello na nan tun 1962, tana da sashe guda na injiniyoyin ruwa da muhalli, ga masana ƙasa da duwatsu, ga cibiyoyin IAR da NAERLS masu bincike da kai ilimin noma ga manoma, sannan cibiyar albarkatun ruwa ta ƙasa da ke Mando a Kaduna ita ma tana haɗa hannu da jami'ar wajen horar da masana ruwa. Amma duk haɗin gwiwar nan in bai iso bakin rijiyar unguwa ba, a takarda zai ƙare.

Misali burtsatse. Ƙasar Zariya dutse ne a ƙarƙashinta, ruwan yana maƙale ne a tsagogin dutsen da ɓurɓushinsa na sama, shi ya sa za ka ga maƙwabci ya haƙa ya samu, kai ka haƙa nan kusa da shi ka tashi a tutar babu. Masana na da na'urar auna ƙasa kafin a haƙa. Unguwa ta haɗa kuɗi da ƙyar, me zai hana a auna tukuna kafin a kira masu motar haƙa?

Sai dai ku ma kuna da haƙƙi a kan ɗaliban nan. Duk wanda ya ɗebi ruwanku ku ce ya dawo muku da sakamako, ya yi bayani da Hausa a gaban mai unguwa da liman, mata ma su ji tunda su ne da randa. Malamanmu na jami'a dan Allah ku sa wannan ya zama sharaɗi ga ɗalibanku, yana min ciwo in ga an yi gwaji masu rijiya ba su san me aka gano ba.

Kafin nan, ruwan sha a tafasa ko a sa maganin kulorin a jira minti 30, randa a rufe ta, moɗa ɗaya kuma kar yara su riƙa tsoma hannu.

Sannan damina na tafe. Zariya na samun ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara, wato rufin kwano mai faɗin murabba'in mita 50 yana zubar da kusan lita 50,000, jarka mai lita 25 guda 2,000 kenan ke bin indararo zuwa kwata. A gyara indararo tun yanzu, a tanadi tanki ko duro mai murfi, ruwan farko a bar shi ya wanke ƙura da kashin tsuntsu, sannan a fara tara.