Waiwaye: Serena Williams, haihuwa da kofi na 24 da ya gagara

Duk sanda aka tado zancen ritayar 'yar wasan tanis Serena Williams sai ka ji ana cewa ai shekaru ne suka cim mata, ni kuwa a ganina maganar tun Janairun 2017 ta faro, lokacin da ta doke yayarta Venus a wasan ƙarshe na Australian Open tana ɗauke da ƙaramin ciki na wajen wata biyu. Kofinta na 23 kenan a manyan gasannin tanis huɗu da ake kira Grand Slam, ta wuce Steffi Graf mai 22, saura ɗaya tal ta kamo Margaret Court mai 24.

Yarinyar da babanta Richard ya koya wa wasa a filayen unguwar Compton ta jihar California, wadda ta ɗaga US Open a 1999 tana shekara 17, kowa ya ɗauka na 24 ɗin nan kamar yana aljihunta ne.

Sai haihuwa ta zo da gardama. A Satumban 2017 aka yi mata tiyata aka ciro 'yarta Olympia, washegari numfashi ya soma yi mata wuya, ita da kanta ta dage wa ma'aikatan asibiti a yi mata hoton ƙirji don ta san ciwon, ta taɓa yin gudajin jini a huhu a 2011, da aka duba kuwa shi ne. Makonni ta kwashe a kwance. Wallahi abin da ya fi ci min rai shi ne yadda aka karɓe ta da ta dawo, macen da ta tafi hutun haihuwa tana lamba ɗaya a duniya ta shiga French Open na 2018 tana ta ɗari huɗu da wani abu, ba a ma sa ta cikin jerin gwanayen gasar ba. Surutun da aka yi ta yi na cikin abin da ya sa hukumar WTA mai kula da gasannin tanis na mata ta gyara dokarta a ƙarshen shekarar don masu dawowa daga haihuwa.

Duk da haka sau huɗu tana kaiwa wasan ƙarshe, Wimbledon da US Open a 2018, ta sake maimaitawa a 2019, Kerber da Osaka da Halep da Andreescu suka tare mata hanya ɗaya bayan ɗaya.

A Agustan 2022 ta rubuta a mujallar Vogue cewa za ta janye daga wasa, tana so ta ƙara haihuwa, kuma ta faɗa ƙarara cewa da namiji ce da ba a tilasta mata zaɓa tsakanin iyali da fili ba. Ranar 2 ga Satumba Ajla Tomljanovic ta fitar da ita a zagaye na uku na US Open, ta yi sallama da 'yan kallo tana hawaye tana gode wa Venus. A Agustan 2023 ta haifi 'yarta ta biyu, Adira.