Idan kare ya ciji yaro: wa ke da alhaki, kuma yaya ake neman diyya?

Kafin a yi maganar lauya ko kotu, a fara wanke ciwon da sabulu da ruwa mai gudu har tsawon minti 15, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, sannan a garzaya asibiti a ranar. Likita ne zai duba ko ana buƙatar allurar rigakafin cutar haukan kare da ta tetanus. Cutar haukan kare, da zarar alamunta sun bayyana, da wuya a tashi. Zuwa asibitin nan take yana da wani amfanin kuma: abin da likita ya rubuta a ranar, wato wurin cizon da zurfinsa da yawan ɗinkin da aka yi, shi ne hujja ta farko da duk wata shari'a za ta dogara da ita.

A kan wanda zai ɗauki alhaki, dokokin ƙasashe sun kasu gida biyu. A wasu wuraren, mallakar karen kaɗai ta isa. Sashe na 1243 na kundin dokokin farar hula na Faransa ya ɗora wa mai dabba ko mai amfani da ita alhakin ɓarnar da ta yi, ko tana hannunsa ko ta kuɓuce. Jihar Kalifoniya a Amurka ma haka take a sashe na 3342 na nata kundin: in dai an ciji mutum a wurin jama'a, ko a gidan da ya shiga bisa halal, mai karen zai biya, ko da karen bai taɓa yi wa kowa gurnani ba.

A wasu wuraren kuwa, kamar jihar Tekzas ta Amurka, sai an nuna cewa mai karen ya san halin dabbarsa, ko kuma ya yi sakaci. Mutane kan ɗauka cewa wannan na nufin cizon farko kyauta ne. Ba haka ba ne. Karen da ya saba kai wa masu wucewa farmaki, ko wanda maƙwabta suka sha kai ƙorafi a kansa, ko wanda aka san sai an ɗaure shi in baƙo zai shigo, duk waɗannan na iya tabbatar da cewa mai shi ya sani. Barin ƙofa a buɗe ko fita da kare ba igiya a inda doka ta wajabta ta, sakaci ne mai zaman kansa. Shi ya sa shaidar maƙwabta ke da nauyi ƙwarai, kuma gara a rubuta ta tun da wuri, kafin mutane su manta ko su fara jin nauyin mai karen.

Abin da mai kare ya fi karewa da shi shi ne, yaron ne ya tsokani karen, ko ya shiga gidan ba izini. Wannan kariyar ta fi rauni in ƙaramin yaro ne, kuma haka ya dace, domin ɗan shekara 4 da ya ja wutsiyar kare bai san abin da yake jawo wa kansa ba. A Jamus, doka ba ta ɗora wa yaron da bai kai shekara 7 ba alhakin ɓarna. A jihar Fulorida ta Amurka, allon gargaɗi da aka kafa a bakin gida na iya kare mai kare daga biyan diyya, amma ban da in wanda aka ciza bai kai shekara 6 ba.

Diyyar kanta ba kuɗin asibitin makon farko ba ne kawai, kuma a nan iyaye suka fi cutar da 'ya'yansu ba da saninsu ba. Saboda gajartar yaro, cizon yakan same shi a fuska ko kai ko wuya. Tabo yakan ɗauki shekara ɗaya ko fiye kafin ya zauna a kamanninsa na ƙarshe, kuma likitocin fiɗa kan jinkirta aikin gyara har sai yaron ya ƙara girma. Don haka ana lissafa kuɗin jinyar da aka riga aka kashe, da wanda za a kashe nan gaba bisa rahoton ƙwararren likita, da raɗaɗin da yaron ya sha, da munin da tabon ya bari. Akwai kuma raunin da ba a gani: firgita cikin barci, komawa fitsarin kwance, ƙin fita waje. In an ga irin wannan, a kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa a rubuta, domin abin da ba a rubuce yake ba, da wuya kotu ta sa masa kuɗi. Kwanakin aikin da uwa ko uba suka rasa wajen jinya su ma sukan shiga lissafi.

Haƙƙin na yaron ne, ba na iyayensa ba. Tun da ba zai iya shigar da ƙara da kansa ba, wani babba ne ke tsaya masa, galibi uwa ko uba. A Ingila, duk sulhun da aka yi a madadin yaro ba ya zama tabbatacce sai alƙali ya amince da shi, kuma yawanci kotu ke riƙe kuɗin har ya cika shekara 18. Wa'adin shigar da ƙarar rauni a can shekara 3 ne, amma ga yaro ba ya fara ƙirguwa sai ya cika 18, wato yana da dama har ya kai 21. Ƙasashe da yawa na da irin wannan sassauci, sai dai tsawon wa'adin ya bambanta, kuma in karen na hukuma ne, a wasu wuraren akan buƙaci a ba hukumar sanarwa cikin 'yan watanni. Lauyan wurin da abin ya faru ne zai faɗi ainihin ranar.

Tsawon wa'adi ba dalilin jinkirta tara hujja ba ne. A ɗauki hoton ciwon kafin ɗinki da bayansa, sannan duk wata. A ajiye rigar da ta yage da duk rasit. A kai rahoto ga 'yan sanda ko hukumar da ke kula da dabbobi, a nemi takardar rigakafin karen, a kuma tabbatar an sa masa ido na kwana 10.

Sau da yawa karen na dangi ne ko maƙwabci, sai iyaye su ji kunyar neman haƙƙi. A inda mai karen ke da inshorar gida ko ta dabba, galibi kamfanin inshorar ne ke biya, ba aljihunsa ba, don haka a tambaye shi tun farko. In shi ko kamfanin suka kawo takarda mai cewa wannan biyan ya rufe maganar baki ɗaya, kada a sa hannu sai likita ya faɗi yadda tabon zai kasance da abin da gyaransa zai ci, lauya kuma ya karanta takardar.