Ɗaukaka ƙara kaɗai ba ta tsayar da katafila

"Baba, kwantar da hankalinka, ai mun ɗaukaka ƙara, ba mai taɓa gidan nan." Sau da yawa nakan ji irin wannan magana a unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi idan iyali suka sha kaye a shari'ar fili. Maganar da daɗin ji, amma ba haka dokar Gana ta ce ba.

Ƙa'idojin Kotun Ɗaukaka Ƙara na 1997, waɗanda lauyoyi ke kira C.I. 19, sun faɗa a ƙa'ida ta 27 cewa ɗaukaka ƙara ba ta dakatar da zartar da hukunci. Wanda ya ci shari'a yana iya neman izinin kotu ya karɓi wurin, ma'aikatan kotu su zo da 'yan sanda, a fitar da katifu da tukwane bakin titi, alhali takardunka na ɗaukaka ƙara suna can suna jiran layi.

Abin da ke tsayar da su roƙo ne na daban, na a dakatar da zartar da hukuncin. Lauyanka zai shigar da shi tare da takardar rantsuwa, a kai wa abokin shari'a kwafi shi ma ya ba da amsa. A nan ne mutanenmu ke yin sakaci, su cika rantsuwar da kukan an zalunce su. Alƙali ba sake shari'ar zai yi ba. Yana auna abu biyu ne: wanda ya yi nasara yana da haƙƙin cin moriyar hukuncinsa, kai kuma bai kamata ka yi nasara gobe ka tarar babu abin karɓa ba. Tun shari'ar Joseph da Jebeile ta 1963 kotuna ke tambayar ko za a iya mayar da mai ɗaukaka ƙara yadda yake idan ya ci.

A ce gidan gado ne mai ɗaki goma sha biyu, da 'yan haya, da tsohuwar da aka kawo ta amarya cikinsa. Idan aka rushe shi, ko aka sayar wa wani ya kafa bene, me za a mayar? Wannan shi za a nuna, da hotuna, da takardun fili, da shaidar cewa an fara kawo masu saye suna zagaya wurin. Sai kuma a nuna ƙarar tana da hujja ta gaske, ba jan lokaci ba ne. Idan kuɗin haya kawai ake jayayya a kai, roƙon yakan yi rauni, don kuɗi ana iya biya.

Ko an amince, galibi da sharaɗi: kada a yi gini, kada a sayar, ko a riƙa zuba kuɗin haya a asusun kotu. Hukuncin da ya tsaya ga bayyana mai fili kawai, bai umarci kowa ya tashi ba, shi kuma babu abin dakatarwa a cikinsa ta wannan hanya.

Lokaci ma yana ci. Wata 3 ake da shi a ɗaukaka ƙara kan hukuncin ƙarshe, kwana 21 kan umarnin tsakiyar shari'a. Zuwa fadar sarkin zango neman sulhu abu ne mai kyau, amma kwanakin nan ba sa jiran a gama zaman.

Masu ɗauko ƙattin gadin fili su tare ƙofa kuwa, Dokar Filaye ta 2020 ta tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 15 ga mai wannan aiki.