Waiwaye: Wayar auduga a cikin jitar bass ta lantarki

A shekarar 1951 ne kamfanin Leo Fender da ke Fullerton a jihar Kalifoniya ta Amurka ya fitar da Precision Bass, jita mai kaurin amo da tsirkiya huɗu, wadda ta raba makaɗa da ɗawainiyar katafaren goge irin na tsaye. Wanda duk ya kwance murfin ɗaya daga cikin jitocin wancan zamani zai tarar da 'yan wayoyi farare da baƙaƙe sanye da rigar saƙa, suna haɗa maganaɗisun da ke ɗauko motsin tsirkiya da makunnin ƙara da kuma ramin da ake soka igiyar amsa-kuwwa. Fender, wanda da gyaran rediyo ya fara sana'a, ya ɗauki wayar da ya saba da ita ne a shagonsa, domin ita ce ke cikin rediyoyin lokacin.

Ƙirar wayar ita ce sirrin daɗewarta. A ciki akwai siraran zaruruwan tagulla guda 7 da aka murɗe aka shafe da kuza har suka zama kamar tsinke guda, a waje kuma saƙar auduga ce da aka jiƙa da kaki. Mai gyara ba ya feɗe ta. Yana yanke tsawon da yake so da almakashi mai kaifi, ya tura rigar baya da farce har tagullar ta leƙo, ya ɗiga mata dalma, sannan ya jawo rigar ta koma ta rufe wurin. Idan almakashin ya dakushe, bakin saƙar yakan tsefe ya yi gashi-gashi, kuma aikin ya munana. Auduga ba ta narkewa idan ƙarfe mai zafi ya goge ta, saɓanin roba da kan narke ta ja da baya ta bar tagulla tsirara, abin da ke da muhimmanci a ramin da wayoyin ke zama cikin Jazz Bass, wata jitar bass da Fender ya fitar a 1960, inda yatsu biyu ma da ƙyar suke juyawa.

Kamfanin rediyo da talabijin na Amurka, CBS, ya sayi kamfanin Fender a 1965, kuma zuwa ƙarshen shekarun 1960 wayar roba, mai araha da sauƙin samu, ta maye gurbin ta auduga. Da darajar jitocin da aka ƙera kafin cinikin ta tashi a kasuwa, sai wayar ta zama ɗaya daga cikin shaidun da masu saye ke dubawa don gane ta asali, masu gyara kuma suka koma nemanta.

Daga nan ne aka fara cewa tana ƙara wa amo zaƙi, maganar da a ganina ba ta da tushe. Wayar da ba ta kai tsawon kamu ɗaya ba, tagullarta ce ke ɗaukar sauti, rigar kuwa aikinta raba ta da maƙwabciyarta. Ba ta kuma hana ƙugin da wutar gida ke jefawa cikin sauti, sai dai a murɗe farar da baƙar tare, a kuma lulluɓe ramin da fallen tagulla a haɗa shi da wayar ƙasa. Wutar da maganaɗisun ke haifarwa kaɗan ce ƙwarai, shi ya sa auduga ta wadatar a cikin jita har yau, alhali an daɗe da daina sa ta a wayoyin gidaje.