Westvleteren 12: giyar da masu yin ta suka ƙi yawaita ta

Wace giya ce wannan, kuma su wa ke dafa ta?

Ruhubanawan Katolika ne, wato mazan da suka keɓe kansu don ibada, na gidan ibadar Sint-Sixtus da ke ƙauyen Westvleteren, a yammacin Beljiyam. An kafa gidan a 1831, ba a jima ba suka soma dafa giya da tsiron sha'ir, kamar yadda masu burukutu ke tsirar da dawa kafin su dafa. Iri uku suke yi, mai lamba 12 ita ta fi ƙarfi: barasar cikinta kashi 10.2 cikin ɗari ce. Don haka ga Musulmi hukuncinta a fili yake, labarinta kawai muke bayarwa.

Me masu ɗanɗano ke dubawa?

Ba kwankwaɗa suke yi ba. Sai su tsiyaya a hankali cikin kofin gilashi mai faɗin baki, su bar gurɓin a gindin kwalba, su ɗaga wajen haske. Launinta ƙasa-ƙasa ne mai duhu, kumfarta na da kauri. Daga nan sai hanci: galibi sukan ce sun ji ƙamshin dabino, zabibi, busasshen ɓaure da ƙonannen sukari, alhali ba a zuba 'ya'yan itace ko ɗaya ba. Yis da sauran kayan haɗin ne ke kawo wannan. Sanyi mai yawa yana danne ƙamshin, shi ya sa ba sa shan ta da ƙanƙara. Tana kuma ci gaba da nuna a cikin kwalba, ta bana da ta shekara biyar ba ɗanɗanonsu ɗaya ba.

To me ya sa take wuyar samu?

A 2005 RateBeer, shafin intanet na masu ba giya maki, ya sa ta a matsayi na farko a duniya, motoci suka yi ta layi a ƙofar gidan. Da ɗan kasuwa ne, da sai ya ƙara tukwane. Su kuwa suka ƙi, domin abin da zai riƙe gidan da ayyukan taimako kaɗai suke nema, sauran lokacin na ibada ne. Wannan wadatar zucin ita ta fi burge ni a lamarin.

Ta yaya ake sayen ta?

Tun 2019 galibi sai mutum ya yi rajista ta intanet, a ba shi rana, ya je da kansa ya ɗauki 'yan akwatuna ƙalilan, bisa alkawarin ba zai sayar wa kowa ba.