Waiwaye: yadda aka koya wa na'ura cire hayaniya daga sigina

Matatar sigina ta gargajiya zangon mita take bi, wato yawan zagayen sigina a daƙiƙa: wannan mita ya wuce, wancan a tare shi. Amma sau da yawa hayaniya na zaune a zango ɗaya da abin da ake son ji, ka yanke ta ka yanke har da shi. Masanin lissafi Norbert Wiener ya fitar da lissafin matata mafi dacewa a shekarun 1940, sai dai lissafin na buƙatar a san halin hayaniyar tun da wuri, ita kuwa sauya hali take yi.

A 1960 Bernard Widrow da ɗalibinsa Ted Hoff na Jami'ar Stanford suka fito da dabarar LMS (least mean squares, wato rage kuskure zuwa mafi ƙanƙanta), inda matata ke gyara kanta tana cikin aiki. Don kashe hayaniya, ƙofa biyu ta shigar sigina ake buɗewa. Ta farko na ɗauke da sigina haɗe da hayaniya, ta biyu kuma hayaniyar zalla, daga tushenta. Matata ta sarrafa ta biyun, a debe sakamakon daga ta farko. Abin da ya rage shi ne tsabtataccen sigina, kuma da shi ake gyara ma'aunan matatar, wato adadin da take sarrafa hayaniyar da su, duk lokacin da aka ɗauki sabon awo: a ninka ragowar da abin da ya shigo ta ƙofa ta biyu da wani ɗan adadi da ake kira taki, a ƙara kan tsohon ma'auni.

Kamfanonin tarho na cikin waɗanda suka fara cin moriya. A 1967 M. M. Sondhi na cibiyar bincike ta Bell Labs a Amurka ya wallafa aikinsa kan kashe amsa-kuwwa, matsalar da ta tsananta a kiran tauraron ɗan'adam, inda murya ke dawowa bayan kusan rabin daƙiƙa. A 1975 Widrow da abokan aikinsa suka nuna yadda ake fito da bugun zuciyar ɗan tayi: wayoyin awo da aka manna a ƙirjin uwa su ba da bugunta zalla, a debe shi daga abin da aka ɗauko a cikinta. Haka suka cire gurnanin lantarki mai zagaye 60 a daƙiƙa daga awon zuciya. A Najeriya da Nijar 50 ne, kuma na janareta yana hawa da sauka, abin da kafaffiyar matata ba ta iya bi.

Inda aiki ya fi lalacewa shi ne ƙofa ta biyu. Da zarar siginar da ake so ta ɗiga cikinta, misali makirfon hayaniya ya jiyo muryar mai magana, matata za ta soma share muryar kanta, kuma gyaran lissafi ba ya maganin wannan, sai an sauya wa makirfon wuri. Taki ma haka: ya yi girma, ma'aunai su haukace, ya yi ƙanƙanta, hayaniya ta sauya kafin a cim mata. Shi ya sa ake daidaita shi da ƙarfin abin da ke shigowa: ƙarfin ya ƙaru, taki ya ragu. A tarho kuwa, in mutum biyu suka yi magana lokaci guda, dakatar da gyaran ake yi har ɗaya ya yi shiru.